SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO, 1781-1837: Daga Ƙofar 'Yandoto Zuwa Ribaɗin Wurno

Matafiyin da ya taso daga Gusau ya nufi Funtuwa, kafin ya kai Tsafe zai wuce wani ƙauye da ake kira 'Yandoton Daji. Ba kowa ne zai waiwaya ya dube shi ba. Amma a wannan wuri ne tsohon birnin 'Yandoto ya zauna, birnin malamai da fatake wanda sunansa ya kai Barno ya kai Tumbuktu, wanda kuma tarihin baka ya ce daga cikinsa ne Korau ya fito har ya ci sarautar Katsina. A shekarun baya-bayan nan sunan wannan yanki na Gusau da Tsafe da Bunguɗu ya fi fitowa a cikin labarun 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane, har ta kai ga a watan Nuwamba na 2021 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa ƙungiyoyin nan 'yan ta'adda ne.

To, tambayar da hukumomi ke fama da ita, watau yadda za a tsare ƙasa daga maharan da ke ɓullowa daga daji su koma ta wata iyaka, ba sabuwa ba ce. Akwai mutumin da ya yi shekara 20 yana fama da irinta a kan wannan ƙasa, ya gwada takobi, ya gwada alƙalami, ya gwada gina garuruwa. Shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

TASHINSA DA KARATUNSA

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Degel cikin ƙasar Gobir, a gidan da ba a san wata sana'a da ta fi karatu da karantarwa ba. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa, da ƙanen mahaifinsa Malam Abdullahi, da wansa Muhammadu Sa'adu, da sauran malaman jama'a, ya ƙware a Larabci da fiƙihu da hadisi tun yana saurayi.

Yana da shekara 23 sa'ad da rashin jituwa tsakanin Shehu da Sarkin Gobir Yunfa ta kai ga hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Tun kafin a tashi Shehu yake aikensa wurin shugabannin Fulani da na Azbinawa neman goyon baya, kuma wannan aiki na manzanci shi ne makarantarsa ta farko ta sanin yadda ake ƙulla amana da wanda ba ƙarƙashinka yake ba. Ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804, inda jama'a suka yi nasara. Ya kuma ga ranakun baƙin ciki, watau Tsuntsuwa a ƙarshen wannan shekara da Alwasa a 1805, inda aka yi asarar malamai da mahaddata masu yawa.

Bayan Alwasa jama'ar Shehu tana cikin matsi, ga yunwa, ga abokan gaba ta kowace fuska. Sai Shehu ya aiki Bello ƙasar Zamfara ya gana da shugabannin jama'a na gabas a Birnin Gada. Can ne mutanen Katsina da Kano da Daura da Zamfara suka hallara, aka karanta musu wasiƙar Shehu, suka yi mubaya'a. Daga wannan taro ne ƙungiyoyin da kowace ke yaƙinta ita kaɗai suka zama abu guda mai shugaba guda.

ABIN DA YA FARU A 'YANDOTO

'Yandoto tana cikin yankin da ake kira Katsinar Laka, watau kudu maso yammacin ƙasar Katsina ta dā. Yawancin malamanta ba su yarda da kiran Shehu ba, har ma sun kori waɗanda suka bi shi daga cikinsu. Cikin waɗanda suka bar garin akwai Malam Sambo Ɗan Ashafa. Muddin 'Yandoto na gaba da jama'a, hanyar da ta haɗa Shehu da mabiyansa na gabas ba ta da tabbas.

Wajen shekarar 1806 Bello ya sauka da rundunarsa kusa da garin. Bisa ga abin da shi kansa ya rubuta a littafinsa Infaƙul Maisuri, bai fara da yaƙi ba. Ya aika wa malaman garin da su fito a zauna a yi muƙabala da hujja, idan gaskiya tana wurinsu shi da mutanensa su bar abin da suke kai, idan kuwa tana wurin jama'a su biyo. Malaman suka ƙi ganawa da shi. Aka yi yaƙi, aka ci garin, malamansa suka watse.

Labarin da ya iso wannan zamani a rubuce na ɓangaren wanda ya yi nasara ne, saboda haka masana tarihi har gobe suna muhawara a kansa. Abin da ba a musu a kai shi ne, wata tsohuwar cibiyar ilmi ta rushe a ranar da magana ta gagara tsakanin malamai da malamai. Daga baya Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau, zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Katsinan Gusau. Sunan 'Yandoto kuwa ya koma Tsafe, inda ake kiran sarkin garin 'Yandoton Tsafe.

A cikin wannan lokaci ne kuma Muhammadu Namoda, shugaban Fulanin Alibawa wanda garin Ƙaurar Namoda ya ci sunansa, ya karya rundunar taron dangi ta Azbinawa da Gobirawa da Zamfarawa a Fafara kusa da Zurmi. A watan Oktoba na 1808 Bello ya jagoranci cin Alƙalawa, babban birnin Gobir, inda Yunfa ya rasa ransa. A 1809 ya soma gina Sakkwato. A 1812 Shehu ya raba aikin tafiyar da daula, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas.

MUHAWARA DA SHEHUN BARNO

Tun kafin wannan rabo wani babban al'amari ya taso daga gabas. Yaƙin da masu tuta suka kai Barno ya sa Shehu Muhammadu El-Kanemi ya ɗauki alƙalami ya rubuto wa shugabannin jihadi yana tuhumarsu da yaƙar Musulmi 'yan'uwansu, da kafirta mutane saboda saɓo, da kuma lalata littattafai. Bello ne ya ɗauki nauyin yawancin amsoshin. Game da littattafai, ya amsa cewa lalle ya taɓa ganin takardu iska na watsa su a wani gari da aka ci, ya yi ta tsince su, ya kuma tsawata wa mayaƙansa, amma wannan aikin jahilan cikin runduna ne, ba umurnin shugabanni ba. Masana da yawa suna ganin 'Yandoto yake nufi.

Abin lura a nan shi ne, da Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, bai ɓoye zargin abokin hamayyarsa ba. Ya kwafe wasiƙun El-Kanemi ya sa su cikin littafin tare da amsoshinsa, domin na baya su karanta su auna. Ba su taɓa yarda da juna ba a kan asalin mas'alar, har ma an gwabza a 1826 zuwa 1827 sa'ad da El-Kanemi ya yo yamma da runduna ya tasam ma Kano, Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi ya mai da shi. Duk da haka ƙofar wasiƙa ba ta rufe ba, kuma bayan wannan karo dauloli biyu suka san iyakarsu, babban yaƙi bai sake aukuwa tsakanin mutanen biyu ba.

SARAUTA CIKIN TAWAYE

Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Bai hau kan shimfiɗa mai laushi ba. Abdussalami, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu, ya yi tawaye a Kware. Bello ya yi ta musayar wasiƙu da shi kafin ya ɗauki makami, sai da rarrashi ya ƙare aka ci Kware, Abdussalami ya rasu da rauni a Bakura a farkon 1818. A Zamfara ma Banaga Ɗan Bature ya ɗaga kai. Tsakaninsa da Malam Abdullahi na Gwandu kuma akwai 'yar tsama a kan gadon Shehu, wadda ba ta gushe ba sai da Bello ya kai masa gudummawa a yaƙin Kalambaina. A nan ne baffan ya yi wa ɗan wansa mubaya'a, gida ya ɗinke.

Amma babbar damuwar ta arewa ce. Sarakunan Haɓe da aka kora ba su haƙura ba. Wajen 1819 Ɗan Kasawa, magajin sarakunan Katsina na dā, ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Gobirawa suka sake taruwa ƙarƙashin sarakunansu. Azbinawa kuwa yau suna nan gobe suna can, gwargwadon inda maslaharsu ta kiwo da cinikin gishiri ta karkata.

Ya kamata a yi adalci a nan. Waɗannan sarakuna ba 'yan fashi ba ne, mutane ne masu neman ƙasar kakanninsu, kuma mayaƙan Sakkwato ma suna kai nasu hare-haren ƙasashensu su kamo bayi. Amma ga talakan da ke noma a Zamfara ko a Katsinar Laka, ko a Gulbin Maraɗi, wahalar iri ɗaya ce. Mahaya su fito daga daji da asuba, su ƙone rumbuna, su kore shanu, su kama mata da yara, kafin gudummawa ta iso sun shige inda ikon sarkin ƙasar bai kai ba. Mutanen Gusau kansu sai da hare-hare suka tashe su suka koma Rawayya, suka yi shekaru a can kafin su komo.

Hanyar Sakkwato zuwa Katsina da Kano ta zama abin tsoro, musamman dajin Gundumi wanda ba ruwa a cikinsa. Sa'ad da Baturen Ingila Kyaftin Clapperton ya taho Sakkwato a watan Maris na 1824, sai da Bello ya aika da mahaya fiye da ɗari suka rako shi. Fatake sukan jira juna su yi babban ayari, su ratsa dajin dare da rana ba zango.

MATAKAI UKU

Bello ya fuskanci wannan matsala ta hanyoyi uku.

Ta farko ita ce haɗa ƙarfin sarakuna. Ya sani Sakkwato ita kaɗai ba ta iya tsare iyakar da ta taso daga Kabi har Daura. Saboda haka bayan kaka, in an kai amfanin gona gida, sarakunan gabas kan zo da kansu ko su aiko da runduna a fita tare. Wazirinsa Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, shi ke kai da kawo tsakaninsa da su. Ya kuma rubuta musu littattafan shiriya a kan mulki, kamar Usulus Siyasa wanda ya yi wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, inda ya nuna cewa wajibi ne shugaba ya kula da sana'o'in talakawa da kasuwanni da hanyoyi, ya nesanci zalunci.

Ta biyu ita ce ribaɗi, watau gari mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka, mazaunansa su yi noma su yi karatu su kuma yi tsaro. Ya kafa irinsu a kan hanyoyin da mahara ke bi, ya kuma ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu domin kada a ce ya tura 'ya'yan wasu bakin wuta. Ɗansa Fodiyo ya zauna Lajinge, ɗansa Aliyu ya zauna Shinaka, ɗan'uwansa Atiku ya riƙe Bakura. Shi kansa ya bar jin daɗin Sakkwato ya koma Wurno, kimanin mil 20 arewa maso gabas, a bakin Gulbin Rima. Cikin wannan tsari har da zaunar da Fulani makiyaya. Ya jawo su zuwa garuruwa, ya ƙarfafa musu noma da kiwon dawaki da raƙuma da tumaki, ya ba su limamai da alƙalai da malaman da za su karantar da 'ya'yansu. A ganinsa mutumin da ke da gida da gona da alƙalin da zai kai wa ƙara ba ya saurin komawa daji.

Ta uku ita ce hulɗa da ƙasashen da ba ya mulki. Ya riƙe zumunci da Sarakunan Agadas, wanda aka ƙulla tun zamanin Shehu. Ya rubuta wa Muhammadu Jailani, malamin Azbinawan Adar, shawara a kan amfanin zaunar da makiyaya a garuruwa, ya kuma ba shi mafaka sa'ad da abokan gabansa suka rinjaye shi. Ya yi musayar wasiƙu da Shehu Ahmadu na Masina da malaman Kunta na wajen Tumbuktu. Alhaji Umaru Futi ya zauna wurinsa shekaru da dama bayan dawowarsa daga Makka, har ya auri 'yarsa.

Ko da Turawa ma ya gwada. A 1824 ya ba Clapperton wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu, yana neman a aiko da jakada da likita a buɗe ciniki, shi kuma zai hana fitar da bayi ta bakin teku. Wannan magana ba ta kai ga aiki ba. Da Clapperton ya komo a 1826 ya tarar da Bello a sansanin yaƙi yana kewaye da Konya, birnin Gobirawa, wanda bai ciwu ba a wannan fita. Ya kuma zo da wasiƙa da kyaututtuka na El-Kanemi, har da makamai, alhali ana cikin yaƙi da Barno. Bello ya karɓe su, ya ce ba za a ratsa ƙasarsa da makami zuwa ga wanda yake yaƙarsa ba. Clapperton ya ji zafin abin ƙwarai, ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

GAWAKUKE DA BAYANSA

Sarkin Gobir Ali ya taɓa yin sulhu da Bello, aka sami 'yan shekaru na sauƙi. Daga baya abokansa suka matsa masa ya warware amanar. Aka ƙulla babban ƙawance tsakaninsa da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda da Ibra shugaban wata ƙungiya ta Azbinawa. A 1836 Bello ya tara rundunarsa da gudummawar sarakuna, aka haɗu a Gawakuke can arewa. Ali da Rauda suka faɗi a fagen fama, Ibra ya tsira, aka yi asarar rayuka masu yawan gaske.

Wannan ita ce nasararsa mafi girma, amma ba ta kashe wutar ba. Ba a jima ba Gobirawa suka naɗa Mayaƙi, suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi, hare-hare suka ci gaba. Shekara 17 bayan Gawakuke, sa'ad da Dokta Barth ya bi wannan hanya a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello, ya tarar har yanzu ana ratsa Gundumi da fargaba. Abin da ya dawwama daga aikin Bello shi ne garuruwan da ya kafa, waɗanda da yawansu suna nan da mutanensu.

Allah ya yi masa rasuwa a Wurno a watan Oktoba na 1837, yana da shekara 56, a can kuma kabarinsa yake. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. An ƙidaya masa yaƙe-yaƙe 47 a zamanin sarautarsa, da littattafai fiye da ɗari a kan fiƙihu da mulki da tarihi da magani. An kuma shaide shi da cewa daga guminsa yake ci, ba ya taɓa baitulmali don kansa. A cikin wannan shekara ce El-Kanemi ma ya rasu.

ABIN DA YA BAR WA NA BAYA

Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka yi a 1898 da 1904 da 1906 sun sa Maraɗi da Tsibiri a hannun Faransa, Sakkwato da Katsina da Zamfara a hannun Ingila. Haka tsohon fagen daga ya zama iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, mai tsawon kusan mil dubu. Jikokin waɗanda suka yi gaba a Gawakuke sun zama surukai da abokan ciniki, sai kuma ga su da abokin gaba ɗaya. Daga 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga suka sami mafaka a Jihar Maraɗi, garin da kakanninsu ke gudun mahayansa.

An yi ƙoƙarin haɗa kai. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa mai hedkwata a Yamai. A 2015 aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tabkin Cadi don yaƙar Boko Haram, wadda ta ƙunshi Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru da Binin, da hedkwata a Njamena. A watan Satumba na 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka je Maraɗi suka gana da gwamnan can a kan tsaron iyaka. Sai dai juyin mulkin Nijar na watan Yuli na 2023 ya kawo rufe iyaka da zargin juna, kuma a watan Maris na 2025 Nijar ta ba da sanarwar janyewa daga rundunar Tabkin Cadi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Muhammadu Bello ya ga ƙarshen ƙin magana a ƙofar 'Yandoto yana saurayi, kuma bayan nan bai daina aika wasiƙa ba, ko ga wanda ya tuhume shi, ko ga wanda ya yaƙe shi. Ya kuma ci yaƙi mafi girma a zamaninsa, amma tun bai rasu ba abokan gabansa sun sake gina gari. Wanda ke riƙe da amanar tsaron Tsafe da Bunguɗu da Gusau, da na Madarumfa da Gidan Rumji a ɗaya gefen, yana da abin dubawa a cikin waɗannan al'amura biyu.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya jiƙan malaman 'Yandoto, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.